Ba Barci Yake Yi Ba

A maƙabartar garin Fremantle, can yammacin Ostareliya, akwai wani ɗan ƙaramin allo a ƙasa mai ɗauke da sunan Ronald Belford Scott. Duniya ta fi saninsa da Bon Scott, mawaƙin ƙungiyar kiɗan rok ta AC/DC, wanda ya mutu a Landan ranar 19 ga Fabrairun 1980 yana da shekara 33. Mutane na tasowa daga ƙasashe masu nisa don su ga wurin, har ƙungiyar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta sa kabarin cikin jerin wuraren tarihi a 2006. Na sha kallon hotunan wurin a intanet. Akwai furanni, akwai 'yan takardun da masoya suka rubuta. Abin da ya fi tsone mini ido kuwa shi ne gwangwanayen giya da kwalaben wiski da ake jerawa a gefen sunansa. Mutum ya keto teku, ya kashe kuɗin jirgi, don ya zo ya ajiye wa mamaci abin da ya kashe shi. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ni ma ina cikin masu son muryar mutumin nan.

Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Abin da ya haɗa mu wani mai gyaran rediyo ne a bakin layinmu, lokacin muna yara. Yana da wani tsohon kaset da rubutun jikinsa ya goge, wanda ba ya sa shi sai idan ya gama gyaran lasifika yana so ya ji ko za ta ɗauki nauyi. Sai ya ture tarkacen wayoyi gefe, ya soka kaset ɗin, ya murɗa sautin har ƙusoshin da ke cikin gwangwanin madara a kan teburinsa su fara rawa. Mu kuma mu taru a bakin shagon. Akwai waƙa ɗaya da nake jira kullum. Jita ce ke fara sarar ƙasa, ganga ta biyo, wata murya mai kaushi kamar ta wanda ya kwana yana ihu ta shigo, can a tsakiya kuma sai wata busa mai tsini ta ratso, tana yi wa jitar amshi. Na rantse a lokacin algaita na ɗauke ta. Sai da na girma na san cewa algaitar mutanen Sikotlan ce, mai jakar iska da ake matsewa a hammata, kuma mai muryar nan yana cikin masu busa ta. Waƙar ita ce "It's a Long Way to the Top", wadda ma'anarta ba ta wuce abin da muke cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu ba.

Gudun kuwa ya ci shi. An haife shi ranar 9 ga Yulin 1946 a Forfar, ya fara wayo a Kirriemuir, wani ɗan ƙaramin gari a Sikotlan. A 1952 iyayensa suka kwashi iyali suka yi ƙaura zuwa Ostareliya, kamar yadda dubban talakawan Birtaniya suka yi bayan yaƙin duniya na biyu. Suka fara zama a Melbourne, inda 'yan ajinsu suka laƙaba masa Bon saboda ƙasar da ya fito, ga kuma wani Ronald ɗin a ajin. A 1956 suka koma Fremantle, garin masunta da 'yan dakon tashar jiragen ruwa. Mahaifinsa na cikin wata ƙungiyar masu busa da kiɗan gargajiyar Sikotlan, a nan yaron ya koyi ganga. Yana da shekara 15 ya bar makaranta. Ya yi aikin gona, ya bi jirgin masunta, ya fara koyon gyaran sikeli, ya raba wasiƙu gida-gida. A 1963 ya faɗa hannun hukuma a kan laifuffuka da dama, ciki har da satar fetur da ba 'yan sanda sunan ƙarya, ya yi wata 9 a gidan horon yara. Ya nemi shiga soja, suka ce ba su ga alamar zai iya zama da mutane ba.

Daga 1964 ya shiga kiɗa, kuma shekara 10 cur ya yi yana bugun ƙirji ba tare da ya ga komai ba. Ya yi ganga da waƙa a The Spektors, ya yi waƙoƙin 'yan mata cikin kaya masu ƙyalli a The Valentines, ya tara gemu ya koma Adelaide tare da Fraternity. Waɗannan na ƙarshe sun tafi Ingila neman sa'a, suka sha sanyi da yunwa, suka dawo hannu rabbana. Ya shiga aikin leburanci a masana'antar takin zamani. Aurensa da ya yi a 1972 ya fara tangal-tangal. A watan Mayun 1974, bayan ya sha ya yi cacar baki da abokan kiɗansa, ya hau babur cikin fushi ya yi mummunan haɗari, ya kwana 3 a sume. Wannan ita ce gargaɗin farko da giya ta yi masa a fili, shekara 6 kafin ta dawo ta gama aikinta.

Yana cikin jinyar wannan haɗari ne, yana 'yan aikace-aikace a ofishin wani tsohon abokin waƙarsa, ya haɗu da wasu samari 'yan gida ɗaya, Malcolm da Angus Young, waɗanda suka kafa ƙungiyar AC/DC. Su ma 'yan ci-rani ne daga Sikotlan, daga birnin Glasgow. Malcolm na da shekara 21, Angus 19, shi kuwa 28, a idonsu tsoho ne. A watan Oktoban 1974 ya zama mawaƙinsu. Daga nan zuwa mutuwarsa shekara 5 ne da 'yan watanni, amma a cikinsu suka fitar da High Voltage da T.N.T. a 1975, Dirty Deeds Done Dirt Cheap a 1976, Let There Be Rock a 1977, Powerage a 1978, sannan Highway to Hell a 1979. Kusan kowace shekara da faifai, a tsakani kuma suna kan hanya, daga mashayun Ostareliya inda 'yan kallo ke jifa da kwalba idan kiɗa bai yi musu ba, zuwa Landan a 1976, zuwa Amurka a 1977, inda suka riƙa share fage wa manyan ƙungiyoyi gari bayan gari. Wanda ya yi wannan aikin ba malalaci ba ne. Mashayin da ake zanawa a jikin riguna, wanda ba ya komai sai dariya da ɗaga kwalba, ba zai iya rubuta faifai 6 a cikin shekara 5 ba.

Ba zan yi masa kwaskwarima ba. Wasu waƙoƙinsa batsa ce tsagwaronta, ba zan sa su a gaban 'ya'yana ba, ni kaina ma nakan tsallake su. Amma a gefen waɗannan akwai abin da ya sa har yau ake sauraronsa. Yana waƙar mutumin da kuɗin haya ya sha masa kai, wanda takalminsa ya huje, wanda ke kallon motar da ba zai taɓa saya ba. Yana waƙar wahalar sana'arsu, yadda ake damfarar makaɗi, a biya shi abin da bai kai ya kawo ba, ya kwana a masauki mai wari. Yana da iya sarrafa magana, ya faɗi abu ɗaya mai fuska biyu, irin gwanintar da muke yaba wa masu habaici. Kuma duk abin da ya faɗa ya taɓa shi da hannunsa, shi ya sa lebura a Glasgow da direba a Texas suka ji kamar ɗan unguwarsu ne ke magana. Akwai wata waƙarsa mai sanyi, "Ride On", ta 1976, wadda ba ta yi kama da sauran ba. Mutum ne shi kaɗai da dare, ga kwalba ta ƙare, ga kaɗaici, yana yi wa kansa alkawarin wata rana zai canja hali. Duk wanda ya saurare ta da kunnen basira ya san mai waƙar ya san inda ɗakinsa ke yoyo.

Highway to Hell shi ne faifan da ya buɗe musu ƙofar Amurka, ya kai mataki na 17 a jerin faifan da aka fi saya a can. Bayan shekara 15 yana fafutuka, zomon ya zo hannu. Wasansa na ƙarshe ya yi shi a Southampton ranar 27 ga Janairun 1980. 'Yan kwanaki kafin mutuwarsa ya leƙa inda Malcolm da Angus ke gwada sababbin kaɗe-kaɗe, ya zauna ya buga musu ganga, sana'arsa ta farko. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa ai shi dama mutuwa yake nema. Mai neman mutuwa ba ya shirin sabon faifai.

Daren 18 ga Fabrairu ya fita da wani abokinsa zuwa wani gidan rawa mai suna Music Machine a unguwar Camden. Ya sha da yawa. Bisa bayanin da abokin ya bayar, a hanyar komawa Bon ya ɓingire a cikin mota. Ya kai shi ƙofar gidansa, ya kasa tashinsa. Sai ya wuce da shi nasa gidan a titin Overhill, unguwar East Dulwich. Can ma ya kasa ɗaga shi. Ya kwantar masa da kujerar motar, wata 'yar ƙaramar Renault 5, ya lulluɓe shi da bargo, ya bar masa takarda mai lambar gidan, ya hau sama ya kwanta. Sai da yammacin washegari ya sauko. Aka garzaya da shi asibitin King's College, likitoci suka ce rai ya riga ya yi halinsa. Jami'in binciken musabbabin mutuwa ya rubuta cewa gubar barasa ce, kuma tsautsayi ne. Daga baya wasu marubuta tarihinsa sun yi ta jayayya, suna cewa akwai ƙwaya a cikin lamarin. Ko da giya ce kaɗai, ko da an haɗa da wani abu, hoton ɗaya ne: mutum a sume, shi kaɗai, a cikin mota, a tsakiyar hunturun Landan, da asibiti a kusa.

Ba na son in ɗora wa abokin nan dukkan laifi. Abin da ya yi shi ne abin da kowa a duniyarsu yake yi. An saba ganin Bon ya sha ya faɗi, gari ya waye ya miƙe ya hau dandamali. Sabo ne ya sa aka ɗauka barci yake yi. Amma suman maye da barci ba ɗaya ba ne, kuma wannan ita ce maganar da na fi so mai karatu ya riƙe. Barasa na danne ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da numfashi. Tana kuma kashe abin nan da ke sa mutum tari idan wani abu ya bi masa ta hanyar iska, don haka idan amai ya taso wa wanda ke kwance rigingine, sai ya koma masa huhu ba tare da ya motsa ba. Wadda ke cikin tumbi kuma tana ci gaba da shiga jini bayan an daina sha, ma'ana wanda ka bari yana minshari da ƙarfe 3 na dare yana iya fin haka muni da ƙarfe 4. Sannan tana buɗe jijiyoyin fata, zafin jiki ya riƙa zurarewa, mutum yana daskarewa bai sani ba. Abin da masu ba da agajin gaggawa ke koyarwa ba shi da wuya: a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa, bakinsa na kallon ƙasa, kada a ɗura masa komai, kada a bar shi shi kaɗai. Idan an girgiza shi bai farka ba, ko numfashinsa ya yi nisa da juna, ko leɓensa ya canja launi, babu sauran shawara sai asibiti.

Ban koyi wannan a littafi ba kawai. Shekarun baya, lokacin da kodin ya yi wa samarinmu katutu, kafin gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mun rasa ɗan maƙwabcinmu. Yaro ne mai ladabi, in ya gan ka da kaya sai ya karɓa. Abokansa suka sha abin da suka sha a wani kango, shi ya zarce. Suka watsa masa ruwa bai tashi ba. Suka ɗura masa madara. Suka ji tsoron kai shi gida saboda mahaifinsa, suka ji tsoron kai shi asibiti kada a riƙe su. Sai suka ɗauko shi suka shimfiɗe a zauren wani gida, suka cire masa takalma suka jera a gefe, suka rufa masa wani tsohon zani, suka watse. Masu fita sallar asuba ne suka gan shi. Ina cikin waɗanda suka ɗaga zanin. Takalman nan da aka jera da kyau su ne har yau ba sa barin idona, domin sun nuna yaran ba mugunta suka yi niyya ba, kula suka ɗauka suna yi. Da aka tambayi ɗaya daga cikinsu, yana kuka, abin da ya ce shi ne, “Wallahi Baba, mun ɗauka barci yake yi.” Kodin da tiramol su ma numfashi suke dannewa. Bargon da aka lulluɓa wa Bon Scott a East Dulwich da zanin da aka rufa wa yaron nan, hannu iri ɗaya ne ya shimfiɗa su.

A wurinmu kunya ce da tsoro ke sa a ɓoye wanda ya sume. A duniyar kiɗan rok kuwa abin da ya fi kunya muni ne ke aiki, wato burgewa. An mai da faɗuwa ƙasa don maye wata jarumta. A 1970 mawaƙa Jimi Hendrix da Janis Joplin suka tafi, a 1971 Jim Morrison, duka suna da shekara 27. A 1978 Keith Moon ya bi su yana da 32. Wata 7 bayan Bon Scott, a Satumban 1980, John Bonham, makaɗin gangar ƙungiyar Led Zeppelin, ya sha barasa mai yawan gaske, aka kai shi gado aka kwantar, gari ya waye babu shi. Shi ma 32. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an mai da mutuwarsa ado, ana ba da labarinta kamar wani babi mai daɗi na tarihin gwarzo. Ni abin da nake gani gawa ce a cikin amai, da uwa da aka buga wa waya.

Kafin in koma kan masoyansa, akwai maganar da na san tana bakin wasu daga cikin masu karanta wannan. Mutumin da ya yi waƙa mai suna "Highway to Hell", wato hanyar jahannama, wata 7 bayan fitarta ya mutu a cikin maye, ai ya samu abin da ya roƙa. Na sha jin wannan, wani lokaci har da murmushi. Ni ma sunan waƙar ba ya yi mini daɗi. Wuta ba abin wasa ba ce a wurina, kuma ba zan kare wanda ya yi wasa da ita ba. 'Yan ƙungiyar sun bayyana cewa suna nufin azabar rayuwar kan hanya ce, wata da watanni a cikin mota, amma ko da haka ne, ni ba zan zaɓi wannan kalma ba. Sai dai tsakanin ƙin kalma da murnar mutuwar mai ita akwai rata mai faɗi. Makomar bawa na hannun Mahaliccinsa, ba a ba ni ko kai wannan kujera ba. Abin da ya fi damuna shi ne wannan murmushin bai tsaya a kan Bature mai waƙa ba. Shi ne dai na gani a fuskar wasu a zaman makokin yaron unguwarmu, ana raɗa ana cewa ɗan ƙwaya ne. Kuma tsoron wannan murmushin ne ya hana abokansa ƙwanƙwasa ƙofar kowa a daren. Duk al'ummar da ta fi son ta yanke wa mai maye hukunci fiye da ta cece shi, za ta ci gaba da tsintar 'ya'yanta a zaure.

An ƙona gawar Bon kamar yadda suke yi, aka binne tokar a Fremantle ranar 1 ga Maris 1980. 'Yan ƙungiyar sun yi tunanin watsewa, iyayensa suka ƙarfafa musu gwiwa su ci gaba. Suka ɗauko Brian Johnson, mutumin yankin Newcastle, wanda Bon da kansa ya taɓa gani yana waƙa a Ingila ya kuma yaba musu shi. A watan Yulin 1980, wata 5 kacal bayan rasuwar, suka fitar da Back in Black. Bangonsa baƙi wuluk don makoki, kuma abin da kunne ke fara ji a cikinsa ƙararrawa ce mai nauyi tana bugawa a hankali. Ana ƙiyasta an sayar da kusan miliyan 50, yana cikin faifan da aka fi saya a tarihin duniya. Samarinmu da yawa sun san sautinsa daga finafinan Amurka ba tare da sun san ta'aziyya ce ba. Bon bai ga ko sisin wannan daula ba, shi da ya yi shekara 15 yana haƙa rijiyar.

Ina girmama wannan faifan, ƙararrawar nan tana taɓa ni har yau. Amma a cikinsa akwai waƙa mai suna "Have a Drink on Me", wato gayyata ce a zo a sha, ni zan biya. Wata 5 bayan giya ta kashe ɗan'uwansu. Na san amsar da ake bayarwa: haka al'adarsu take, suna ɗaga kofi don tunawa da mamaci, kuma shi kansa da haka zai so a tuna da shi. Na yarda al'adarsu ce, ba kuma ina auna ta da mudun garinmu ba ne. Na yarda kuma babu wanda ya ɗura masa, baligi ne, da hannunsa ya ɗauka. Amma ko a cikin al'adar tasu, wanda ya mutu a haɗarin mota ba a zuwa kabarinsa a yi tseren motoci. Maganar cewa da haka zai so kuwa, wa ya tambaye shi? Bon na dandamali, mai tsirara daga ƙugu zuwa sama, mai zane a dantse da murmushin shaƙiyanci, shi ne ake nufi. Akwai kuma wanda ya sauko daga dandamalin, wanda abokansa suka shaida da yawan rubuta wasiƙu zuwa gida daga duk inda yake, wanda ya rubuta waƙar nan ta kaɗaici da alkawarin canja hali. Masu ajiye gwangwani sun zaɓi na farko saboda ya fi daɗin tunawa, ba ya tambayar kowa komai.

Sannan akwai kasuwa. A 2011 aka fito da giyar inabi mai ɗauke da sunan AC/DC a Ostareliya, kowace kwalba da sunan wata waƙarsu, ciki har da ta hanyar jahannamar da Bon ya rera. A nan ne nake ganin abin ya wuce batun al'ada ya koma rashin ta-ido. Mutum ya mutu da gubar barasa, a manna sunan waƙarsa a jikin kwalba a sayar wa masu sonsa. Abin da zai ba ka mamaki, Angus Young, wanda ke birgima a dandamali cikin kayan 'yan makaranta kamar mai iskoki, an san shi da cewa ba ya shan giya. Ke nan wutar da ke cikin kiɗan nan ba daga kwalba take fitowa ba. Hujjar tana tsaye a gefen Bon kowane dare, riƙe da jita.

Akwai masu tunawa da shi ta hanyar da ta kwanta mini. A 2003 aka shigar da AC/DC zauren girmamawa na kiɗan rok a Amurka, da sunansa a ciki. A 2008 aka kafa mutum-mutuminsa a tashar jiragen masunta ta Fremantle. A Kirriemuir ana taron shekara-shekara mai suna Bonfest, kuma a 2016 masoya suka yi karo-karo suka kafa wani mutum-mutumin, wannan karon riƙe da algaitar nan da na ji a shagon mai gyaran rediyo. Brian Johnson kuwa ya ƙi rera waƙar algaitar a wasanninsa, don ya bar wa mai ita kayarsa. Wannan kara ce irin wadda muka sani. Ba na neman a rushe komai ko a hana kowa waƙa. Abin da nake nema ƙarami ne. Duk taron da za a yi da sunan mutumin nan, da duk shirin da za a yi a kan rayuwarsa, a ware minti 2 a gaya wa matasan da suka taru yadda ya mutu ba tare da ado ba, a nuna musu yadda ake juya wanda ya sume a kan haƙarƙarinsa. Da wani ya san wannan a titin Overhill, wataƙila da muryarsa ce a faifan 1980.

Cikin 'yan ƙungiyar akwai wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa, ko da yake ya ɗauke shi shekara 8. A 1988, suna tsakiyar cin kasuwa, Malcolm Young ya ajiye jitarsa ya ce ba zai bi su zagayen Amurka ba, zai je ya rabu da giya. Ɗan yayansu Stevie ne ya riƙe masa wurin. Ya je ya yi jinyar kansa, ya dawo, ya ƙara shekara fiye da 20 yana kiɗa kafin ciwon mantuwa ya kwantar da shi, ya rasu a 2017 yana da shekara 64. Babu wanda ke buga hoton wannan shawarar tasa a jikin riga, alhali a duk tarihin ƙungiyar ban ga jarumtar da ta kai ta ba.

Mahaifiyar Bon, Isa Scott, ta rayu har 2011. Shekara 31 ta yi a duniya bayan wayar da aka buga mata daga Landan. Duk gwangwanin da aka jera a wurin nan cikin waɗannan shekarun, a kan kabarin ɗanta aka jera shi.